Mai gadi ya miƙa ɗiyata ga wanda ban sani ba, in cire ta daga makarantar?

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a cikin garin Sakkwato. Ɗiyata ta biyu shekararta 7, tana aji biyu a wata firamare ta kuɗi kusa da mu. Sati uku da suka wuce na je ɗaukarta ƙarfe ɗaya da rabi kamar kullum, mai gadi ya ce ai an zo an tafi da ita, wai wani ɗan kabu-kabu ne ya ce daga gida aka aiko shi. Na yi kusan awa biyu ina yawo cikin rana kamar zautacciya, kafin in gano ƙanen maigidana ne ya aiki abokinsa ya kai ta gidan surukata, ba wanda ya faɗa mini. Alhamdu lillahi na same ta lafiya, amma tun ranar idona ya buɗe. Sau biyu ina ganin shatar bulala a ƙafarta, ta ce don ta makara ne. Ruwan da nake zuba mata a gora haka take dawowa da shi, wai kada fitsari ya kama ta, don ban-ɗakinsu ba ƙofa kuma manyan yara maza na leƙe. Yanzu ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara 4, kuma kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo. Maigida ya ce in bar maganar, mai makarantar mutumin kirki ne, sahu ɗaya suke sallah, kada a ce mun tozarta shi. Surukata ta ce inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta ci. Ni zuciyata na ce in cire ta, amma mun biya kuɗin zango, kuma ban san ko wata makarantar ta fi ba. Ni ce na cika zafi? Mi ya kamata in yi?

Uwa mai damuwa, Sakkwato

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da wannan tashin hankali, Allah Ya ƙara tsarewa. Uwa ta yi awa biyu cikin ranar Sakkwato ba ta san hannun da 'yarta take ba, wannan ba abin da za a rufe da "ai ya wuce" ba ne. Ba ki cika zafi ba. Ƙofa, ban-ɗaki, bulala, kowanne shi kaɗai ya isa a zauna da hukumar makaranta a kansa. Sai dai ina so ki dakata da maganar cire ta na 'yan kwanaki, ki dakata da zuwa ofishin mai makaranta ma, domin akwai wadda ya kamata a fara saurare kafin kowa, ita ce yarinyar.

Yarinyar da ta bar fitsarin kwance shekara uku sannan ta koma, ruwa ba ya tsami banza. Dalilin na iya zama a jiki, yana iya zama tsoro, sau da yawa kuma duka biyun ne suka haɗu. Na jikin ya fi sauƙin ganowa. Wadda ke riƙe fitsari tun bakwai da rabi na safe har azahar, ga shi ba ta shan ruwa, mafitsararta ba ta wankuwa, ƙwayoyin cuta sai su samu mazauni, kuma 'ya'ya mata sun fi maza saurin kamuwa saboda hanyar fitsarinsu gajera ce. Mai gudun ban-ɗaki takan riƙe bayan gida ma, ciki ya ɗaure ya danne mafitsara, daga nan sai ciwon ciki da safe da jiƙa shimfiɗa da dare. Don haka cikin satin nan ki kai ta asibiti a yi mata gwajin fitsari. Kafin ku je ki sa ido ki ga ko tana jin zafi wurin fitsari, ko tana zuwa a kai a kai tana yin kaɗan-kaɗan, ko fitsarin ya yi duhu ko wari, ko jikinta na ɗumi da yamma, da kwana nawa take yi ba ta yi bayan gida ba. In kin lura tana yawan ƙishirwa a gida tana kuma ramewa, ki faɗa wa likita ya duba sukari. Kada ki sayo maganin sanyi a kemis kafin gwaji, don yakan ɓoye cutar a gwajin ba tare da ya kashe ta ba. A gida kuwa kada a yi mata faɗa kan katifa, kada a bar 'yan'uwanta su riƙa kiranta amalala. Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, ki wanke da safe ba surutu.

Sai hira da ita, kuma a nan ne iyaye da yawa kan ɓata abu da kyakkyawar niyya. Kada ki tsayar da ita gabanki ki ce ta faɗi gaskiya. Ki bari sai kina mata tsifa ko kitso, tana zaune tsakanin ƙafafunki ba ta kallon fuskarki, ku biyu kaɗai. Ki jefa tambayar da ba a amsawa da e ko a'a: "Ba ni labarin abin da kuke yi in an fita tara." "Wa kike murnar gani in kin shiga makaranta?" "Wa ba ki son haɗuwa da shi?" In ta fara magana, naki kawai "sai aka yi yaya?" Kada ki sa mata suna a baki, irin su "Malam wane ne ya taɓa ki ko?", domin yaro mai shekara 7 yakan amsa abin da yake jin uwarsa ke son ji, daga baya a rasa gane nata da naki. Ki tambaye ta labarin ranar kabu-kabun ma, ta ina suka bi, sun tsaya wani wuri, an saya mata wani abu. Sannan cikin hira ki ji daga bakin Hajiya surukarki ƙarfe nawa yarinyar ta iso gidanta. In an ɗauke ta ɗaya da kwata ta isa ɗaya da rabi, hankali ya kwanta ta wannan gefen. In akwai rata mai tsawo da ba wanda zai iya cewa ga inda take, wannan tambaya ce da dole abokin ƙanen mijinki ya amsa.

Ina fata ba za ki ji abin da ya wuce tsoron bulala da ƙyamar ban-ɗaki ba. Amma in ta ce wani, babba ko yaro, ya taɓa mata jiki inda bai dace ba, ki daure ki riƙe fuskarki, don in ta ga kin ruɗe za ta janye maganar. Ki ce mata kin yarda da ita, ba laifinta ba ne, ta kyauta da ta faɗa. Ki rubuta kalmominta yadda ta faɗe su, da kwanan wata. Daga nan asibiti za ki nufa, ba makaranta ba. In abin sabo ne, maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma kada a wanke tufafin da ke jikinta, a naɗe su cikin takarda, don leda na tara danshi ta lalata shaida. A cikin Asibitin Ƙwararru na nan Sakkwato akwai Cibiyar Nana Khadija, wadda aka buɗe musamman domin waɗanda aka ci zarafinsu. Irin wannan magana ba a kashe ta da sulhu a zaure.

To, mu dawo bakin ƙofa. Na san mai gadin ne kike jin haushi, amma ki tsaya ki hango wurin nan lokacin tashi. Dattijo ɗaya, yara ɗaruruwa sun ɓarko cikin minti goma, 'yan kabu-kabu da Keke Napep sun toshe hanya, masu awara da alawa sun kafa tire, kowa na kiran sunan ɗansa. Ba a ba shi takardar sunaye ba, ba a ba shi waya ba, wataƙila ma bai iya karatun boko ba. Mutum ya zo ya ambaci sunan yarinya da na babanta, da me zai ƙaryata shi? In aka kori wannan dattijo gobe aka kawo wani, haka za a sake. Makarantar ce ba ta da tsarin miƙa yaro, kuma shi za ki nema.

Tsarin ba wani abu ne mai tsada ba. Kowane gida ya cika fom da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaro, kada su wuce mutum uku, da lambar wayarsu da hotonsu, a ajiye kwafi wurin malamar aji. A yi wa kowane yaro kati biyu masu hotonsa da ajinsa, suna hannun iyaye. Ba kati, ba yaro. 'Yan nazare har zuwa aji uku ba sa fita bakin ƙofa su jira, suna zaune a aji ko ƙarƙashin rumfa tare da malamarsu, mai ɗauka shi zai shigo ya nuna kati ya sa hannu a littafi, malama ta miƙa yaro hannu da hannu. In wanda ba ya cikin fom ya zo, malama ta kira lambar da ke cikin fayil ɗin makaranta da wayarta. Ba lambar da baƙon ya karanto ba, kuma ba wayar da ya miƙo yana cewa "ga babanta ku yi magana" ba, don kowa na iya zama babanta a waya. Yaran da aka yi jinkirin ɗauka kuwa, malamin da ke kan aiki a satin ya zauna da su har na ƙarshe ya tafi, ba a bar wa mai gadi yarinya ɗaya cikin makarantar da kowa ya watse.

Inda tsarin nan ke rushewa sanannu ne. Sati biyun farko ana tambayar kati, daga nan sai sabo ya shigo, a fara "ai mun san shi". Kati ya ɓace ba a sanar ba, balle a soke shi. Ranar Juma'a, da ranakun jarrabawa, da ranar da hadari ya taso aka sallami yara da wuri, duk ana sakin layi saboda gaggawa. Wannan "mun san shi" ɗin shi ya fi komai haɗari. Ba a manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a ƙarshen 2021 ba, wadda aka ɗauka a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya, ashe mai makarantar bokon da take zuwa ne ya sace ta. Ta bi shi ne don ta san fuskarsa. Ba ina kwatanta kowa da shi ba ne, Allah Ya tsare. Abin nufi, ƙa'idar da ke ɗaga wa sananniyar fuska ƙafa ba ta kare yaro daga inda cutar ta fi fitowa.

Akwai rabin maganar da ba ki tambaya ba, wato safiya. Makarantar da ta san aikinta tana kiran rajista kafin takwas da rabi, ta sake kira bayan an dawo daga hutun tara, in yaro bai zo ba kuma gida ba su aiko da uzuri ba, a buga wa iyaye waya kafin ƙarfe tara ta wuce. In ba haka ba, yarinyar da ta bar gida ƙarfe bakwai ba ta isa aji ba, gida na zaton tana makaranta, makaranta na zaton tana gida, ba mai sani sai bayan awa shida.

Gaskiya ɗaya kuma, 'yar'uwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan har da ta gidanku. Ƙanen maigidanki bai nufi sharri ba, kakar yarinya ce ta yi marmarin jikarta ya ga ya taimaka. Amma ya aiki wanda ke kanki ba ki sani ba. Ba ke za ki yi masa magana ba, yayansa ne zai yi, cikin raha, a tsayar cewa daga yau duk mai son a kai yarinya wani wuri sai ya kira ɗayanku. Ita kuma ki haddace mata lambar wayarki, lambobi 11 ne, in kika rera mata su kamar waƙa kwana kaɗan za ta riƙe. Ki koya mata cewa ko an ce Baffa ne ya aiko, ko Hajiya ce ba lafiya, ta koma wurin malamarta ta ce a kira Inna. Ku yi gwajin abin a tsakar gida kamar wasa, yayanta ya zama ɗan kabu-kabu, har sai bakinta ya saba da cewa a'a ga babba.

Ban-ɗakin nan shi na fi so ki matsa a kai, domin shi ke cin yarinyar kullum. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantu shi ne ban-ɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga yara maza 50, malamai da nasu daban, da ruwa lita 5 ga kowane yaro a yini domin sha da wanke hannu. Makarantunmu kaɗan ne suka kai haka, amma akwai abin da ba a yi wa uzuri. Na mata daban da na maza, ƙofofinsu ba sa kallon juna. Ƙofa mai rufuwa, da sakatar da hannun 'yar shekara 7 zai kai, wadda babba zai iya buɗewa ta waje in yaro ya maƙale. Buta da ruwa da sabulu. In masai ne, bakin ramin ya zama ƙarami, daɓen ba tsaga. Sannan mace babba, mai shara ce ko mai raino, ta zauna kusa da wurin duk lokacin tara, a kuma raba lokaci, ƙanana su riga 'yan aji biyar da shida. Aikin ƙofa da sakata yini ɗaya ne wurin mai walda. Leƙen da yaran ke yi kuwa kada a ce ƙuruciya ce a wuce, a gano su a kira iyayensu, don yaron da aka kyale da leƙe a firamare ba a nan yake tsayawa ba.

Kafin a gyara, ki roƙi malamar ajinsu ta riƙa raka ta ban-ɗakin malamai mata lokacin tara, ko ta haɗa ta da wata babbar ɗaliba mai hankali ta tsaya mata a ƙofa. Da zarar ta samu inda za ta zaga, za ta sha ruwa. Ki cika mata gorar lita ɗaya, kwatankwacin leda biyu ta fiya wata, ki sa zare a tsakiyar gorar ki ce kafin tara ruwan ya sauko nan. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan na haura digiri 40, ajin kwano marar silin kuwa ya fi waje turiri. Yaron da ya fara ciwon kai da jiri da kasala, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu ko ya suma, asibiti kai tsaye. Shi ya sa sa yara durƙuso cikin rana a wannan gari ba horo ba ne, ganganci ne.

Bulala kuma. 'Yar shekara 7 ba ita ke ɗora tukunya ba, ba ita ke tare abin hawa ba. In ta makara, gida ne ya makara, aka rama a ƙafarta. Naku gefen mai sauƙi ne, a haɗa jaka da kayan makaranta tun dare, a fita minti goma sha biyar kafin lokacin da aka saba. Amma makarantar ma ta san cewa dukan makara na haifar da abin da ya fi makara muni: yaro ya hango bulala a bakin ƙofa sai ya laɓe a lungu ko kango har a fita tara ya saje da 'yan'uwansa, awa biyu ba idon kowa a kansa. Ban da tsautsayin da kan biyo baya, bakin bulala ya sami ido, mari ya fasa dodon kunne, ko a doki mai sikila ciwo ya tashi. Akwai horon da ke gyara ba rauni: a rubuta sunan mai makara, sau uku a kira iyaye, a rage masa lokacin wasa, ko ya tsince takardu a inuwa. In kin sake ganin shata ki ɗauki hoto da wayarki a ranar, in fata ta fashe ki nuna a asibiti a rubuta a kati. A watan Nuwamba na 2021 gwamnan wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa hannu kan dokar kare yara ta Jihar Sakkwato, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta fitar da manufar tsaro da hana cin zarafi a makarantu. Ba don ki je kina kaɗa musu doka a fuska na faɗa ba, don ki san abin da kike nema haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Hajiya kuwa kada ki yi jayayya da ita kan karin maganarta. Da shi aka raine ta, da shi ta raini mijinki, tsoronta kada jikarta ta sangarce. Ki kai mata labarin ta ƙofar da za ta ji, ki ce kishiyarta fa ta koma jiƙa katifa, ta daina shan ruwa, kullum da kuka take fita. Kaka ba ta jure wannan. In maganar addini ta taso, ɗanta ne ya fi dacewa ya tuna mata cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa ce masa ko uffan ba.

Maigidanki ba rashin son ɗiyarsa ke damunsa ba, kunyar idon mutumin da zai gani da asuba ce. To wannan sanayyar ita ce makullinku. Ki ce masa ba ƙara za ku kai ba, gyara kayanka za ku kai, kuma gara mai makaranta ya ji daga bakin abokin sahu da ya ji ranar da yaron wani ya ɓace da gaske, ranar da ba mutunci ba makaranta. Ya nemi a ba ku lokaci a ofis, ba a ƙofar masallaci ba, ba kuma a bakin get gaban iyaye ba. Ku je tare. Ku fara da godiya, sannan ku faɗi abin da ya faru da ranakunsa ba ƙari, ku ajiye buƙatu uku a takarda ɗaya, katin ɗauka, ƙofar ban-ɗaki da mai tsaronsa, da daina dukan makara, ku riƙe kwafi, ku ce za ku dawo bayan sati biyu. Ku tuna shi ma yana da nasa nauyin. Makarantar unguwa mai arahar kuɗi albashin malamanta kaɗan ne, kuma inda manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, sau da yawa za ka tarar da ninkin haka, malamar da ta gaji kuwa bulala ta fi mata kusa. In kuna da hali ku ce ku za ku ɗauki kuɗin ƙofa ɗaya. Magana takan yi saurin shiga in ta zo da hannu.

Kina can ki buɗe ido da kunne. Ki tambaya wace malama ce yarinya za ta kai wa kuka in wani ya dame ta, kuma yaran sun san ta? Yaya ake ɗaukar ma'aikaci, har mai gadi da direba, akwai mai tsaya masa, an karɓi lambar katinsa na ɗan ƙasa, an kira inda ya baro? Akwai dokar cewa babba ba ya keɓewa da yaro ɗaya a ɗaki rufe, har a darasin bayan tashi? Wurin fita ki duba murfin rijiya da na sokawe, da wayar lantarki da ke lilo, da inda aka ajiye janareta da fetur, da ko akwai ƙofa ta biyu in gobara ta tashi. Ki ce a nuna miki akwatin taimakon gaggawa, ki ga ko da auduga, bandeji, filasta, safar hannu, ma'aunin zafin jiki da garin gishiri da sukari, ko kuwa akwatin ne kawai da kwalbar da ta daɗe da lalacewa. Ki tambaya ko suna da sunayen masu sikila da asma da farfaɗiya. Yadda aka amsa miki zai gaya miki fiye da amsar kanta. Wanda ya jawo biro ya fara rubutu, akwai fata. Wanda ya ce "shekara nawa muna haka ba abin da ya faru", kin ji inda aka tsaya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ki taɓa iyaye mata biyu ko uku na ajinsu, ki tambaye su ko gorar 'ya'yansu na dawowa cike. Za ki sha mamaki. Ku kai maganar taron iyaye da malamai a rubuta ta cikin bayanin taro. In sati biyu sun wuce shiru, makarantun kuɗi Ma'aikatar Ilimin Firamare da Sakandare ta jiha ce ke sa musu ido, can ake kai takardar koke. Da ta gwamnati ce, da sai a fara da kwamitin kula da makaranta, wanda mai unguwa da liman da wakilan mata ke ciki, sannan Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, sannan SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Abu ɗaya nake roƙonki, kada hoton ƙafar yarinyar ko labarin fitsarinta ya hau Facebook ko zauren WhatsApp na unguwa. Makaranta za ta manta, ita kuwa da sunan za ta girma.

Yaushe za ki cire ta ba jira? In ta ambaci wani babba a makarantar da taɓa ta. In aka dake ta ko aka tsangwame ta saboda kun yi magana. In aka sake miƙa ta ga wanda ba ya cikin fom. Ko in wa'adin ya cika ba a ɗaga ko tsinke ba. A kowanne daga cikin waɗannan ku yafe kuɗin zangon, ta zauna gida 'yan kwanaki tana zuwa Islamiyyarta har ku samu wata. Sai dai kada fentin katanga da rigar makaranta su ruɗe ki wurin zaɓen sabuwa, kuma kada ki raina ta gwamnati da ke kusa don kawai ba a biya. Ki je ba sanarwa daidai lokacin tashi, ki tsaya gefe minti goma ki ga yadda ake miƙa ƙananan yara, sannan ki shiga ki ce a nuna miki ban-ɗakin 'yan mata.

In kuma sun gyara kun zauna, bayan wata ɗaya, lokacin da sabo ya fara shigowa, ki aiki ƙanwarki da ba su sani ba ta je ɗaukarta ba kati, ke kina tsaye tsallaken hanya kina kallo. In wayarki ta yi ƙara malama na tambaya, sai ki ƙarasa ki yi musu godiya.

Gobe dai ki fara da asibiti, jibi kitso. Ki sake rubuto mana abin da gwajin fitsarin ya nuna, da ƙarfe nawa Hajiya ta ce yarinyar ta iso gidanta ranar nan.